Ba Jikinka Ne Ya Saba da Magani Ba

Akwai maganar da mu ma'aikatan lafiya muke yawan ji daga bakin majinyata, wato mutum ya ce kafson da yake sha a da ya daina yi masa aiki domin jikinsa ya saba da shi. Idan ana batun magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik, wannan fahimta kuskure ce. Jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik irin su amoksilin. Ƙwayoyin cutar ne suke sauyawa har su kai inda maganin ba ya taɓa su.

Kowane mutum yana ɗauke da bakteriya masu ɗimbin yawa a hanjinsa da fatarsa da maƙogwaronsa, kuma yawancinsu masu amfani ne. Duk lokacin da ya sha antibayotik, masu rauni daga cikinsu sukan mutu, 'yan kaɗan da suke da hanyar kare kansu kuma su tsira, su samu fili su hayayyafa. Akwai nau'in da yake ninka yawansa cikin minti 20 idan yanayi ya yi masa daidai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakteriya suna iya miƙa wa juna wannan kariya ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne, sannan su bi hannu da ruwa da bayan gida da gadon asibiti su isa ga wanda bai taɓa shan maganin ba, har da jaririn da aka haifa jiya.

Alexander Fleming, wanda ya gano antibayotik ɗin nan mai suna fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta bijire masa. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye sakamakon bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. A Pakistan an samu ɓarkewar taifot tun 2016 wanda ya gagari kusan duk magungunan sha da aka saba ba masu ita.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a cututtukan da ba su buƙatar antibayotik ko kaɗan. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro, da galibin zawon yara, ƙwayoyin bairos, waɗanda suka bambanta da bakteriya, su ne suke haddasa su, kuma antibayotik ba ya yi wa bairos komai. Uwa takan kawo yaro da majina da ɗan zazzaɓi, ma'aikaci ya ɗaga rigarsa ya ƙirga numfashinsa na minti guda, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya ce a ba shi farasitamol da abin sha mai yawa, a dawo idan ya ƙi sauƙi. Sau da yawa takan tashi ranta bai yi daɗi ba, tana ganin ba a kula da ɗanta ba, alhali an yi masa abin da ya dace. Yaro mai zawo kuwa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink yake buƙata. Amma idan numfashinsa ya yi sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko an ga jini a bayan gidansa, ko ya kasa sha, ko ya yi jijjiga, to a garzaya da shi asibiti nan take, domin a irin wannan hali ne maganin yake iya ceton rai.

Idan likita ya rubuta maka antibayotik, ka sha shi a kan lokaci, daidai adadin da kwanakin da ya faɗa, kada ka ajiye ragowa don wata rana, kada kuma ka ba wani don ciwonku ya yi kama. Masu kiwo su ma abin ya shafe su, domin zuba magani a ruwan kaji masu lafiya don su yi saurin girma yana haifar da irin waɗannan ƙwayoyi, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta hakan tun 2006.

Mu ma'aikata ma da namu kason, domin rubuta magani don a faranta wa majinyaci ya fi sauƙi a kan tsayawa a yi masa bayani. Saboda haka idan za a ba ka antibayotik, kana da haƙƙin tambaya ko ciwon naka na bakteriya ne, ko akwai gwajin da ya kamata a fara yi, da kuma kwana nawa za ka sha.