Manhajar Kula da Kayan Sito a Ƙananan Masana'antu

Manhajar kula da kayan sito manhajar kwamfuta ce da masana'anta ke amfani da ita don sanin abin da ke cikin sitonta, abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya kamata a sayo kafin aiki ya tsaya. Kayan masana'anta kashi uku ne: ɗanyen kaya da ke jiran a sarrafa shi, kayan da ke hannun ma'aikata ba a gama su ba, da kayan da aka gama suna jiran mai saye. Nan ne ta bambanta da manhajar kanti. Mai kanti yana sayar da abin da ya saro kamar yadda ya saro shi, mai masana'anta kuwa katako yake saye ya sayar da kujera, saboda haka dole lissafinsa ya riƙa bin kayan yayin da suke sauya kama. A yau galibi wannan manhaja sashe ce a cikin babban tsarin da ake kira ERP, wanda ke haɗa sito da saye da sayarwa da lissafin kuɗi wuri guda. Manyan kamfanoni ne suka fara amfani da ita, ƙananan masana'antu ba su samu damar shiga sosai ba sai bayan shekaru kusan talatin.

Kafin kwamfuta

Tsohuwar hanya ita ce kati da littafi. Kowane irin kaya yana da katinsa a rataye jikin kantar da aka jera shi, ma'ajin sito ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da ragowar. Idan ragowar ta sauka zuwa wani adadi da aka tsayar, sai a yi odar wani. Tambayar da ta fi damun masu masana'antu ita ce nawa za a sayo a lokaci guda: a sayo da yawa, jari ya kwanta a sito, a sayo kaɗan-kaɗan, kuɗin oda da na sufuri su cinye riba. A 1913 wani injiniya Ba'amurke, Ford W. Harris, ya wallafa lissafin da ke nemo matsakaicin adadi tsakanin waɗannan asarori biyu. Har gobe ana koyar da lissafin, kuma yana nan a ɓoye cikin manhajoji da dama.

Hanyar tana da rauni guda babba. Tana ɗaukar kowane kaya kamar shi kaɗai yake, kamar dai buƙatar kusa ba ta da alaƙa da buƙatar katako, alhali kujera ɗaya ce za ta ci su duka.

Orlicky da tsarin MRP

Wanda aka fi dangantawa da gyara wannan rauni shi ne Joseph Orlicky, injiniya haifaffen ƙasar Cekoslobakiya da ya koma Amurka, ya yi aiki da kamfanin ƙera taraktoci na J.I. Case, daga baya kuma da kamfanin kwamfuta na IBM. Orlicky ya raba buƙata gida biyu. Akwai buƙatar da kasuwa ke kawowa, wadda sai dai a yi hasashenta, kamar yawan taraktocin da manoma za su saya a bana. Akwai kuma buƙatar da ke rataye a kan wata, kamar yawan tayoyi da kusoshin da taraktocin za su ci. Wannan ta biyu, in ji shi, ba abin hasashe ba ce, abin lissafi ce. Idan ka san taraktoci nawa za ka ƙera da ranar da za ka ƙera su, ka riga ka san tayoyi nawa kake buƙata da ranar da kake buƙatarsu.

Maganar mai sauƙi ce a baki, amma a masana'antar da ke da dubban sassa babu akawun da zai iya wannan lissafi da alƙalami kowane mako. Sai da kwamfutocin IBM suka samu faifan ajiya da ake iya ɗauko bayani daga ko'ina a cikinsa abin ya yiwu. Aka sa wa tsarin suna MRP, wato tsara buƙatun kayan aiki. Ana yawan ambaton kamfanin Black & Decker a matsayin na farko da ya yi amfani da shi, a wajajen 1964, ko da yake wasu na mayar da farkon abin zuwa gwaje-gwajen J.I. Case a farkon shekarun 1960. A lokacin, sau ɗaya a mako ake sa kwamfuta ta yi lissafin, galibi a ƙarshen mako, ranar Litinin a raba wa sassa tarin takardun da ta buga.

Ba Orlicky kaɗai ya yi aikin ba. Oliver Wight da George Plossl sun yi ta yawo suna koyar da tsarin, ƙungiyar masu kula da sarrafa kaya ta Amurka, APICS, wadda aka kafa a 1957, ita ma ta ɗauki yaɗa shi a matsayin babban aikinta a shekarun 1970. Littafin Orlicky a kan MRP ya fito a 1975, kuma ana ƙiyasta cewa kamfanoni kusan 700 ne ke amfani da tsarin a lokacin, adadin da ya kai dubbai a farkon shekarun 1980. Orlicky ya rasu a 1986. Abin lura shi ne, yawancin sauye-sauyen da aka yi wa MRP tun daga wancan zamani a kan fuskar manhaja ne da na'urar da take gudana a kai. Lissafin da ke ƙarƙashi na su Orlicky ne har yanzu.

Yadda lissafin yake tafiya

Abu uku manhajar ke buƙata: jadawalin abin da za a ƙera da lokacinsa, jerin sassan da kowane abu ya ƙunsa, da adadin abin da ke sito. A ɗauki misalin ƙaramar masana'anta da aka ba odar bencin makaranta 200, a kawo cikin mako shida. A ce kowane benci yana cin fallen katako 3, bututun ƙarfe 2 da kusa 16. Manhajar za ta ninka: katako 600, bututu 400, kusa 3,200. Sai ta duba sito. Idan akwai bututu 150, saura 250 ke nan. Daga nan sai ta yi lissafin baya-baya. Idan walda za ta fara a mako na uku, dillalin ƙarfe kuma sai ya yi mako biyu kafin ya kawo kaya, to odar bututu ba ta jiran gobe, a makon farko za a yi ta. Fenti kuwa, tunda a ƙarshe ake buƙatarsa, ba sai an kashe masa kuɗi yanzu ba.

A wannan misali ake ganin ƙarfin tsarin da kuma inda yake karyewa. Idan bututu 150 ɗin a kwamfuta kawai suke, a sito kuwa 90 ne saboda wani ya ɗebi 60 ya yi wani aiki bai rubuta ba, manhajar za ta yi lissafinta daidai ta ba da amsa marar amfani, masu walda su zauna a mako na huɗu suna jiran ƙarfe.

Daga MRP zuwa ERP

A farkon shekarun 1980 Wight ya faɗaɗa tsarin ya haɗa da ƙarfin injuna, ma'aikata da kuɗi, aka kira shi MRP II. A Jamus kuwa, tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar sun kafa kamfanin SAP tun 1972, da niyyar yin manhaja guda da za ta haɗa dukkan sassan kamfani. Kamfanin bincike na Gartner ne ya fito da sunan ERP a 1990, kuma manhajar SAP mai suna R/3, da ta fito a 1992, ta zama abin da manyan kamfanonin duniya suka yi rububi a kai. Tsadarta da yawan ƙwararrun da ake buƙata kafin a kafa ta sun sa ta fi ƙarfin masana'anta mai ma'aikata talatin ko hamsin.

A gefe guda, hanyar shigar da bayani ta yi sauƙi. An fara karanta lambar bakod, wato layukan nan baƙaƙe da ake bugawa a jikin kaya don na'ura ta karanta, a kanti ranar 26 ga Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohio, a jikin fakitin cingam. Lambar QR kuma, mai siffar murabba'i da ake karantawa da kyamara, kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994, musamman don bin sawun sassan mota a masana'anta.

Saukowa zuwa ƙananan masana'antu

Ta hanya uku abin ya iso ga ƙanana. Ta farko ita ce manhajojin lissafin kuɗi da aka riƙa ƙara musu sashen sito, irin su Sage ta Ingila, QuickBooks ta Amurka da Tally ta Indiya. Labarin Tally ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga ƙaramin kasuwanci ta fito. Shyam Sunder Goenka ɗan kasuwa ne da ke kai wa masaƙu kayan aiki, ya nemi manhajar da za ta riƙe masa littattafansa bai samu wadda ta dace da shi ba, sai ɗansa Bharat Goenka ya rubuta masa. Manhajar kamfanin da suka kafa a Bangalor a 1986 ta yaɗu sosai a tsakanin akawu na Indiya, kuma 'yan kasuwar Indiya sun tafi da manhajar ƙasashen Larabawa da Afirka.

Ta biyu, manyan kamfanoni ne suka sauko da kansu, yawanci ta hanyar sayen ƙananan masu manhaja. Microsoft ya sayi Great Plains a 2001 da Navision ta Denmak a 2002. A 2002 ɗin SAP ya sayi wata manhaja daga Isra'ila ya mayar da ita SAP Business One. NetSuite, da aka kafa a 1998, na cikin na farko da suka ba da manhajar ta intanet a kan kuɗin haya, ba tare da mai masana'anta ya sayi babbar kwamfuta ba. Oracle ya saye shi a 2016 a kan kimanin dala biliyan 9.3.

Ta uku ita ce manhajojin da aka bar tushensu a buɗe ga kowa, wato kowa na iya duba yadda aka rubuta su ya gyara. Fabien Pinckaers na Beljiyam ya fara TinyERP a 2005, wadda ta koma OpenERP, sannan Odoo a 2014. ERPNext ta fito daga Mumbai, daga hannun Rushabh Mehta, kuma ita ma matsalar kasuwancin iyali ce ta haife ta. Ana iya sauke su kyauta, amma saita su da koyar da ma'aikata ba kyauta ba ne.

Duk da haka, babban abin da waɗannan manhajoji ke gogayya da shi a ƙananan masana'antu shi ne Excel, manhajar jadawalin lissafi ta Microsoft, da littafin ma'ajin sito.

Kafa manhajar

Aikin da ya fi cin lokaci ba na kwamfuta ba ne. Da farko sai an ba kowane kaya suna guda da lamba guda, domin a masana'antu da yawa abu ɗaya yana da suna uku, ma'ajin sito da nasa, mai saye da nasa, masu aiki da nasu. Sai a daidaita ma'auni, tunda ana iya sayen fenti a duro a fitar da shi a galan, ko a sayi ƙarfe a tan a yi amfani da shi a tsayi. Sai a rubuta jerin sassan kowane abin da ake ƙerawa, wanda sau da yawa ba a rubuce yake ba, a cikin kan tsohon ma'aikaci yake, kuma ba kowane tsohon ma'aikaci ne ke son fitar da abin da ya sa ake ji da shi ba. Bayan wannan a rufe sito a ƙirga komai da hannu, a shigar da adadin a matsayin mafari.

Masu harkar na ba da shawarar a fara da sito da saye, a bar sauran sassa sai an saba. Ana kuma raba kaya aji uku bisa daraja, domin 'yan kayan da suka riƙe mafi yawan jari a riƙa ƙirga su a kai a kai, ƙanana irin su kusa a bar su sai lokaci-lokaci. Ƙa'idar da komai ya dogara a kanta ita ce kada wani abu ya fita daga sito ba a shigar da shi ba, ko da mai masana'antar ne ya aiko a ɗauka. A ƙaramin kamfani na iyali wannan ce ta fi wuyar kiyayewa.

Saɓani

Ana yawan kawo alƙaluma masu nuna cewa akasarin ayyukan kafa ERP ba sa cin nasara, amma masu bincike ba su daidaita a kan abin da ake nufi da rashin nasara ba. Misalin da aka fi ambata shi ne na kamfanin cakulan na Hershey a 1999, wanda ya kasa kai odar kimanin dala miliyan 100 a daidai lokacin cinikinsa mafi girma bayan ya sauya tsari. Akwai kuma tsohuwar muhawara tsakanin magoya bayan MRP da na tsarin kanban da Taiichi Ohno ya kafa a Toyota, inda kati ne ke sanar da a cike gurbin abin da aka yi amfani da shi. Masana'antu da dama suna haɗa biyun.

A Najeriya

Sage, QuickBooks, Tally da Odoo duk suna da masu amfani da su da masu kafa su a Najeriya. Yankewar wuta da ta intanet na sa wasu fifita manhajar da ke aiki a kwamfutar ofis, haka kuma kuɗin hayar da ake biya da dala yana ƙara nauyi duk lokacin da darajar naira ta faɗi.