Daga doki da alkyabba zuwa lambar ƙarfe: waiwaye kan karrama jaruman yaƙi a Damagaram

Duk wanda ya taso a Zinder ya san barikin sojan nan na kan duwatsu kusa da Birni, tsohon garin da fadar sarkin Damagaram take, barikin da ake kira Tanimun. Amma sunan yankansa ba shi ke nan ba. Nasara ne suka gina shi, suka raɗa masa sunan wani hafsansu, Kyaftin Cazemajou.

Kafin zuwansu, karrama jarumi ba ya buƙatar takarda. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, barden da ya yi abin a zo a gani a fagen daga sai a ba shi doki, a yafa masa alkyabba, wani lokaci a naɗa shi sarauta. Babban abin dai shi ne kirari. Maroƙi ya ambace ka, ya ambaci ubanka a gaban jama'a, jikokinka su gaji wannan suna.

A watan Afrilun 1898 Cazemajou ya sauka Damagaram da tafintansa Olive, yana kan hanyar tafkin Cadi. Fada ta yi zargin wajen Rabe, mayaƙin da ya ci Barno da yaƙi, za shi don su haɗa baki, sai aka kashe su duka biyun a watan Mayu, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A wurin Faransa, gwarzo ne da ya ba da ransa. A wurin mutanen Birni, ɗan leƙen asiri ne. Ranar 30 ga Yulin 1899 aka gwabza tsakanin sojojin Faransa da na Damagaram a Tirmini, kusa da Zinder, bindigar zamani ta rinjayi dawaki, kuma a watan Satumba aka cim ma sarkin aka kashe shi. Mutum ɗaya ya samu bariki da sunansa. Waɗanda suka kwanta dama a Tirmini kuwa, bakin tsofaffi da na makaɗan fada ne ya riƙe su.

Daga nan sai lambar ƙarfe ta shigo. An ɗebi samari, galibi ta hannun sarakuna kuma ba da son ransu ba, aka kai su yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, daga baya Indoshin da Aljeriya. Wasu sun dawo da Croix de guerre, lambar da Faransa ta ƙirƙiro a 1915. Masu 'yan shekaru sun ga irin waɗannan tsofaffin ranar biki: babbar riga ta sha guga, lambobi jere a ƙirji, ƙyallensu ya koɗe, tsoho ya ƙame ya sara kamar jiya ya bar bariki. Da an watse ya naɗe su a tsumma ya mayar cikin adaka.

To, lamba ba ta sayen hatsi. A ƙarshen 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, ta yadda wanda ya kwana rami ɗaya da Bafaranshe ya koma karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 2011 aka daidaita kuɗin gaba ɗaya. A ganina wannan ihu ne bayan hari, don mafi yawan masu haƙƙin ƙasa ta riga ta rufe musu ido.

Yau Nijar na da lambobinta, har da ta jarumta da ake kira Croix de la vaillance, wadda sau da yawa a kan makara ake ɗora ta. Bayan harin Inates na 10 ga Disamban 2019, inda sojoji 71 suka rasu, an jera gawawwakin lulluɓe da tuta a sansanin sojan sama na Yamai, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Wata guda bayan haka wani harin a Shinagodar ya ci sojoji 89.

A cikin gidajen mamatan ana karɓar gaisuwa ne a kan tabarma. Mata na shiga suna cewa, "Allah ya sa ya yi shahada." Bayan sadakar arba'in, idan ƙafa ta ɗauke, sai ka ji wata dattijuwa ta matso kusa da matar mamacin ta rage murya: "'Yar nan, takardun yaran sun fito kuwa?"