Firinta ta mutu, manhaja na nan da rai: yadda ake karkatar da bugu zuwa fayil a kwamfutocin DOS

Har yau akwai shaguna da ƙananan ofisoshi da lissafinsu ke cikin tsohuwar manhaja ta zamanin DOS, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ya yaɗu, wanda ake rubuta wa umarni da hannu. Irin wannan manhaja ba ta san kowa ba sai firinta mai allurai, mai ƙara kamar ana yaga atamfa, mai cin doguwar takarda mai huda a gefe da gefe. Ranar da firintar ta mutu, ko ribon ɗinta ya bushe aka zaga kasuwa aka rasa irinsa, sai mai shago ya tsaya yana kallon rahotonsa a allo, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Me ake nufi da karkatar da bugu zuwa fayil?

Tun daga IBM PC ta 1981, firinta tana haɗuwa da kwamfuta ne ta wani faffaɗan soket mai ramuka 25 a baya, wanda DOS ke kira LPT1. Abin da ke bi ta wayar nan haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, haɗe da wasu lambobin umarni. Karkatarwa ita ce a tare waɗannan haruffa kafin su kai soket, a zuba su cikin fayil a faifai. DOS da kansa yana ɗaukar firinta tamkar fayil mai suna PRN, shi ya sa har yanzu Windows ke ƙin yarda a raɗa wa folda suna PRN ko LPT1.

Ba alamar > ce ke yin wannan aikin ba?

Rabinsa take yi. Tun DOS 2.0 na 1983, in ka rubuta DIR > JERI.TXT, jerin fayilolin da ya kamata ya fito a allo zai shiga JERI.TXT. In ka ninka alamar, wato >>, za a ƙara sabon rubutu a ƙasan wanda ke ciki maimakon a shafe shi. Amma alamar tana kama abin da aka nufi allo da shi ne kaɗai. Manhajar lissafi da ka ce wa ta buga rahoto wata ƙofa daban take bi, alamar ba ta ma san an wuce ba.

Ƙofofi nawa ne, kuma me ya sa sai an san wadda manhaja ke bi?

Uku ne, kuma duk wahalar wannan aiki a nan take. Dabarar da ta yi wa maƙwabcinka aiki tana iya ƙin yi maka, ba don ka yi kuskure ba, sai don manhajarku ba ƙofa ɗaya suke bi ba.

Mai ladabi a cikin manhajoji tana miƙa wa DOS rubutun, ta ce a kai wa PRN ko LPT1, kamar yadda za ta ce a rubuta a kowane fayil. Wannan ba ta da wuyar sha'ani. Ta biyu tana tsallake DOS ta je wa BIOS, wato ƙaramar manhajar da aka dasa a jikin kwamfutar tun daga masana'anta, ta hanyar wani kira mai lamba 17h da aka keɓe wa firinta. DOS ma da kansa ta wannan kiran yake isar da saƙon da aka ba shi, don haka wanda ya tsare 17h ya kama na farko da na biyu gaba ɗaya. Ta uku kuwa ba ta gaida kowa. Kai tsaye take rubutu a adireshin soket ɗin, wanda galibi 378h ne, wani lokaci 278h ko 3BCh. Masu rubuta manhaja sun yi haka ne don neman sauri, kuma a tsohuwar kwamfuta mai DOS zalla babu wata manhajar tarewa da ke iya shan gabanta.

To daga ina zan fara?

Daga cikin manhajar kanta, kafin ka nemi komai a waje. Da yawa daga cikinsu suna da wannan zaɓi a ɓoye. A Lotus 1-2-3 umarnin /Print File yana fitar da fayil mai ƙarshen .PRN wanda rubutu ne tsantsa. Manhajojin ajiyar kaya da na albashi da aka rubuta da Clipper ko FoxPro suna da umarnin SET PRINTER TO, wanda ke karɓar sunan fayil, sai dai kana buƙatar asalin rubutun manhajar kafin ka taɓa shi. In da BASIC aka yi ta, a sauya layukan LPRINT su koma rubutu a fayil da aka buɗe da OPEN.

Akwai kuma wata 'yar dabara da ta sha fitar da mutane kunya. Shiga wurin saitin firinta, inda aka rubuta LPT1. In gurbin yana karɓar rubutu, goge LPT1 ka sa RAHOTO.TXT. Manhaja mai bin ƙofa ta farko ba za ta lura ba, za ta buɗe sunan da ka ba ta ta zuba komai a ciki. Ka dai tuna DOS bai san dogon suna ba: haruffa 8, ɗigo, sai 3.

In manhajar ta ƙi fa?

Sai a kawo mai tsaron ƙofa. Wata ƙaramar manhaja ce da ake kunnawa kafin ta lissafin, ta zauna a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kama kiran 17h. Wadda ta fi shahara ita ce PRN2FILE, da mujallar PC Magazine ta Amurka ta fitar a 1987. Ka rubuta PRN2FILE RAHOTO.TXT, ka buɗe manhajarka, ka yi bugu yadda ka saba.

Tana da hali ɗaya da ya kamata a sani. DOS ba ya iya yin aiki biyu a lokaci guda, in yana tsakiyar wani abu aka sake kiransa sai kwamfuta ta sandare. Saboda haka mai tsaron ba ya rubutawa a faifai nan take, yana tara haruffan a wata ma'ajiya har sai ya ga DOS ya sarara. Wanda ya ga allo ya ce an gama ya kashe kwamfuta a take, ko wutar lantarki ta ɗauke masa, zai iya tarar da rahoto ba wutsiya: shafukan farko lafiya, jimillar kuɗi ta ƙarshe babu. Fita daga manhajar tukuna, ka duba ƙarshen fayil ɗin da umarnin TYPE ko EDIT, sannan ka kashe.

Umarnin MODE ba zai yi ba?

A'a. MODE LPT1:=COM1 yana juya bugu ne daga wannan soket zuwa wancan, bai san fayil ba.

Na samu fayil ɗin, amma cike yake da shirme. Me ya faru?

Ba shirme ba ne, yaren firinta ne. Manhajar tana zaton da firinta take magana, don haka tana cusa umarni a tsakanin kalmomi. A yaren Epson, wanda ake kira ESC/P, lamba 27 tare da harafin E na nufin a kauri rubutu, lamba 15 na nufin a matse haruffa don layi mai tsawo ya shiga takarda, lamba 12 kuma a ja sabon shafi. Firintocin HP LaserJet suna jin yaren PCL, wasu kuma yaren PostScript. Waɗannan lambobin umarni su ne ƙananan kibiyoyi da alamomin da kake gani.

In rubutun kake so ka karanta ko ka kai Excel, koma saiti ka zaɓi firinta mafi rashin ado a jerin. A Windows sunanta Generic / Text Only, ka haɗa ta da mashigar FILE:, duk lokacin bugu za a tambaye ka sunan fayil. Layukan da suka zana akwatin tebur kuwa, in sun rikiɗe sun zama baƙin haruffa masu ɗigo a ka, dalili shi ne DOS da tsarin haruffa mai lamba 437 yake aiki, sai ka gaya wa manhajar da ka buɗe fayil ɗin da ita haka. Kada ka nemi ƙ da ɗ da ɓ a ciki, tsarin bai taɓa ƙunsarsu ba, Ɗanladi tun farko Danladi aka shigar da shi.

Zan iya ɗaukar fayil ɗin in buga a wata kwamfutar?

Ƙwarai, tun asali ma don haka aka yi abin: a sa a faifan filofi a kai inda firinta mai kyau take. Umarnin shi ne COPY /B RAHOTO.PRN LPT1. Kada ka manta /B ɗin. In babu shi, COPY na iya ɗaukar lamba 26 a matsayin ƙarshen fayil, kuma bugu mai hoto ko zane ba ya rasa wannan lamba a tsakiyarsa, sai shafi ya yanke a rabi. Dole kuma firintar can ta ji yaren da aka rubuta fayil ɗin da shi. Ba wa firintar PCL fayil ɗin PostScript, za ta yi ta aman takardu masu layi biyu-biyu har tire ya ƙare. Fayil ɗin PostScript shi ya fi daɗin sha'ani a yau, don manhajar Ghostscript na mayar da shi PDF.

Manhajar da ke rubutu kai tsaye a soket fa, ba ta da magani ke nan?

Tana da shi, amma sai an fitar da ita daga tsohuwar kwamfutar. Windows mai 64-bit ba ya kunna manhajojin DOS da kansa, don haka ana sa su cikin DOSBox-X, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ɗungurungum. A can soket ɗin ma na bogi ne. Ka buɗe fayil ɗin saiti, ka nemi layin parallel1, ka mayar da shi parallel1=file. Manhajar za ta rubuta a 378h yadda ta saba, haruffan su faɗa cikin fayil. Kwafi dukan foldar manhajar tare da fayilolin bayananta, ka fara gwaji da rahoton da kake da takardarsa a hannu, ka gwada jimillar ƙasa da ta takardar.