Sabon ɗan wasan golf ba ya buƙatar sanduna 14

An daɗe ana faɗin cewa duk mai son fara golf sai ya sayi sanduna 14 cif kafin ya taka fili. Ba abin mamaki ba ne a yarda da haka, tunda jakar ƙwararru a cike ake ganinta.

Amma doka ta 4 a dokokin wasan iyaka ce ta sa: kada a wuce 14. Wanda ya wuce a gasar ƙirga bugu, inda mai ƙarancin bugu ke nasara, za a ƙara masa bugu 2 a kowane ramin da ya buga da su, iyakarsa bugu 4 a zagaye guda. Ƙasa da 14 kuwa, ba laifi ko kaɗan.

A ganina shida ko bakwai sun wadatar: doguwa ɗaya ta bugun farko, ƙarfe (sanda mai kan ƙarfe) mai lamba 7 da mai lamba 9, da ta fitar da ƙwallo daga yashi, da ta turawa cikin rami, sai ɗaya ko biyu a tsakani. Ka gwada da kanka. A filin atisaye, buga ƙwallo 10 da lamba 6, wasu 10 da lamba 7, ka duba inda suka sauka. Ga sabon hannu, galibi kusan wuri ɗaya suke taruwa.

Don Allah a tura wa masu shirin farawa.