Waiwaye: Yadda farashin tauraron besbol ya kai dala miliyan 765

Tun daga watan Disamba na 2024, lokacin da kulob ɗin New York Mets ya ɗauki Juan Soto kan dala miliyan 765 na tsawon shekara 15, gardama ba ta lafa ba tsakanin masu bin wasan besbol a Amurka. Wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce kawai, wasu na cewa mai son kofi dole ya buɗe bakin aljihu. Kakar 2025 ma ba ta raba gardamar ba. Soto ya yi rawar gani, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga har sau 43, amma Mets ba su samu shiga zagayen neman kofi ba. Can a gaɓar yamma kuwa, Los Angeles Dodgers da suka ɗauki ɗan ƙasar Japan Shohei Ohtani kan dala miliyan 700 a Disambar 2023 sun ci kofin World Series, wato babban kofin ƙarshen kaka, sau biyu a jere, 2024 da 2025. Kowane ɓangare ya samu hujjar da zai riƙe.

Mai jin waɗannan alƙaluma zai ɗauka haukan kuɗi ne ya taso jiya. Lamarin ya kai shekara hamsin yana tafasa.

Farkon labarin sananne ne. Tun 1879 aka fara wani tsari, wanda daga baya ya zama sharaɗi a kwantiragin 'yan wasa, da ya bai wa kulob ikon riƙe mutum muddin yana so, ya sayar da shi ko ya yi musanyarsa ba tare da shawararsa ba. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a mayar da shi daga St. Louis zuwa Philadelphia, ya garzaya kotu, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi ba shi gaskiya a 1972. Sai a Disambar 1975, bayan Andy Messersmith da Dave McNally sun buga kaka guda ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, mai sasanci Peter Seitz ya yanke cewa ikon riƙewar na shekara ɗaya ne tak, daga nan ɗan wasa ya zama mai 'yancin kansa. Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna da hukuncin Bosman na 1995 a Turai. Besbol ta riga shi da shekara ashirin.

Yawancin masu ba da tarihi a nan suke tsayawa, su yi tsalle zuwa manyan kwantiragi. Ni a ganina, abin da ya faru cikin watanni bakwai da suka biyo baya shi ya fi komai nauyi.

Hukuncin Seitz ya bar wani babban giɓi. In aka bi shi yadda yake, duk ɗan wasan da ya ga dama zai iya buga shekara guda ba kwantiragi, ya fita kasuwa. Ma'ana, ana iya wayar gari ɗaruruwan 'yan wasa suna neman kulob a lokaci ɗaya, kowace shekara. Masu kulob sun tsorata da hakan, har atisayen share fage na 1976 ya samu jinkiri saboda takaddamar. Amma abin mamaki, jagoran ƙungiyar 'yan wasa, Marvin Miller, shi ma bai so a buɗe ƙofar gaba ɗaya ba. Masanin tattalin arziki ne da ya fito daga ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarfe, ya san yadda kasuwa take: ranar da tumatir ya cika kasuwa, kwando ba ya daraja. In kowa na kasuwa, kulob ɗin da ya rasa wannan zai ɗauki wancan, farashi ya faɗi. In kuwa 'yan kaɗan ne ke fitowa a kowace shekara, kuloblika da yawa za su yi ta rububin mutum ɗaya.

Cikin masu kulob akwai wanda ya hango haka, Charlie Finley na Oakland, wanda ya ba da shawarar a saki kowa da kowa a ƙarshen kowace kaka. Shawarar ba ta samu karɓuwa ba. A watan Yuli na 1976 ɓangarorin biyu suka daidaita kan lamba ɗaya: shekara shida. Sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa, wato Major League Baseball, kafin ya samu damar zaɓar inda zai je. Kowa ya tashi daga teburin yana ganin ya samu rabonsa. Kulob zai ci moriyar yaron da ya rena na tsawon shekara shida, 'yan wasa kuma sun samu kasuwar da kaya ke ƙaranci a cikinta.

Nan da nan aka ga tasirin. A ƙarshen kakar 1976 'yan wasa ashirin da 'yan kai ne kawai suka fita kasuwa, kuma Reggie Jackson ya tafi New York Yankees kan kusan dala miliyan 3 na shekara biyar. Matsakaicin albashi ya tashi daga kusan dala 51,000 a 1976 zuwa sama da 140,000 a 1980. A ƙarshen 1979 Nolan Ryan ya zama na farko da ya kai dala miliyan ɗaya a shekara, a Houston.

Sai dai lambar shida ta zo da wani abu da ba a cika lura da shi ba a lokacin, wato shekarun haihuwa. Yawancin 'yan wasa sukan shigo babbar gasa suna da shekara 23 ko 24, bayan sun sha gwagwarmaya a ƙananan gasanni. Ƙara shida a kai, ka samu 29 ko 30. Masu nazarin alƙaluman wasan kuwa sun daɗe suna nuna cewa ganiyar ɗan besbol tana wajejen shekara 26 zuwa 29. Wato a daidai lokacin da mutum ya samu 'yancin sayar da gwanintarsa, ganiyar ta fara wucewa. A shekaru ukun farko kulob na biyansa abin da bai fi mafi ƙarancin albashi da yawa ba, wanda a 2025 ya kasance dala 760,000. A ukun da ke biye mai sasanci ne ke shiga tsakani in an kasa daidaitawa. Kuɗin gaske sai bayan nan, kuma sabon kulob ne ke biya, kan aikin da tsohon kulob ya riga ya mora da arha.

Daga wannan tsari ne kwantiragin da ake yawan kafa misali da su suka fito. Albert Pujols ya shafe shekara 11 a St. Louis yana cikin gwanayen da aka taɓa gani. A Disambar 2011, yana dab da cika 32, kulob ɗin Los Angeles Angels suka ba shi dala miliyan 240 na shekara goma. Bai sake kaiwa matsayinsa na da ba, kuma a watan Mayu na 2021 aka sallame shi kafin wa'adin ya cika. Tsawon kwantiragin ma daga wannan ƙaranci yake zuwa: in kuloblika biyar na neman mutum ɗaya, wanda ya ƙara shekara biyu a kan tayinsa shi ke tafiya da shi, ko da kowa ya san shekarun ƙarshe asara ce.

Wannan ne kuma ya sa farashin Soto ya yi tashin gwauron zabo. Ya shigo babbar gasa a 2018 yana ɗan shekara 19, don haka shidansa ta cika yana da 26, ganiyarsa na gaba. Irinsa ba sa yawa. Alex Rodriguez ya fita kasuwa yana da 25, Texas suka ba shi dala miliyan 252 a Disambar 2000. Bryce Harper yana da 26 Philadelphia ta ba shi miliyan 330 a 2019. Soto da kansa ya ƙi tayin miliyan 440 daga Washington a 2022, domin ya san ranar da zai fita kasuwa da shekarun da zai fita da su.

Ko da an dace da matashi, besbol wasa ne da ba ya barin tauraro ya ɗauki kulob a ka. Mutum tara ke bugu bi da bi, yawanci gwani ba ya samun fiye da dama huɗu ko biyar a wasa, kuma wasanni 162 ake yi a kaka. Rodriguez ya yi shekara uku a Texas yana haskakawa, har ya zama gwarzon gasa a 2003, amma a duk shekarun ukun kulob ɗin ne na ƙarshe a rukuninsa. Angels sun haɗa taurari biyu, Mike Trout da Ohtani, daga 2018 zuwa 2023 ba su taɓa shiga zagayen neman kofi ba. Ohtani bai ga kofin World Series ba sai da ya shiga Dodgers, kulob mai cike da gwanaye, kuma ya yarda a jinkirta biyansa miliyan 680 zuwa tsakanin 2034 da 2043, abin da ya bar wa kulob ɗin sararin ɗaukar wasu. Nasa lissafin ma daban ne, don tallace-tallacen kamfanonin Japan na biye da shi duk inda ya sa ƙafa.

Bayan kakar 2025 hankali ya koma kan yarjejeniyar ƙwadago tsakanin masu kulob da 'yan wasa, mai ƙarewa ranar 1 ga Disamba, 2026. Maganar da ta fi fitowa ita ce ko za a sa wa albashi iyaka kamar yadda ake yi a sauran manyan gasannin Amurka. Kan wannan batu ne aka yi yajin aikin 1994 da ya hana buga World Series, kuma abin da ake da shi a madadin iyakar haraji ne kan kulob ɗin da albashinsa ya wuce wani mizani. Batun shekara shida kuwa ba a cika jin sa ba. A tattaunawar 2021 zuwa 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta nemi a rage wa'adin ga waɗanda suka kai wasu shekaru, daga baya ta janye buƙatar. Aka ware dala miliyan 50 a shekara don raba wa matasan da suka yi fice, aka ƙara mafi ƙarancin albashi, aka sa hannu a watan Maris na 2022 ba tare da an taɓa lambar da aka rubuta a 1976 ba.