Tsohuwar kwamfuta ta shigo hannunka? Kada ka nemi soket tukuna

Tambayoyin da ake kawo mini kan tsofaffin kwamfutocin gida, su Commodore 64 da ZX Spectrum da Amiga da BBC Micro, ba sa canzawa. Na amsa da baki, na amsa a rubuce, gobe kuma wani ya dawo da ita yadda take. Ga amsoshin a wuri guda. A karanta har ƙarshe kafin a ɗauki sukuddireba.

Na samo ta a kayan gwanjo. In jona ta in ga ko tana aiki?

A'a.

Me ya sa? Ai gwaji kawai zan yi.

Gwajin nan shi ke kashe su. Ɗauki Commodore 64, wadda ta fito a 1982. Adaftarta, wannan mai nauyi kamar bulo, tana ba da wuta iri biyu: bolt 5 ta DC da bolt 9 ta AC. Idan ta tsufa, abin da ke daidaita bolt 5 ɗin yakan lalace, wutar ta haura, ta ƙone aisin ƙwaƙwalwa (aisi su ne baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da yawa da ke kan allon ciki) kafin ka gama kallon talabijin. Yawancin adaftocin an cika cikinsu da ƙaro mai tauri tun daga masana'anta, ba sa buɗuwa balle gyara. Ka auna ta da mita ita kaɗai, ba tare da kwamfutar ba. In ta wuce bolt 5.2, ajiye ta gefe. Ko ta nuna daidai ma ban yarda da ita ba, domin takan nuna lafiya da sanyi, ta haura in ta yi zafi. Ana ƙera sababbi, nemi ɗaya.

Bakin wata adafta da nake da ita ya shiga Spectrum ɗina daidai.

Shigar baki ba ita ce dacewa ba. Spectrum mai 16K ko 48K bolt 9 take sha, kuma tsakiyar bakin ita ce negetif, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yau. Ka juya mata wuta, ka saya wa kanka aiki.

Tawa daga Amurka ta zo.

To karanta takardar da ke manne a bayanta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Sai da tiransifomar rage wuta. Wadda ta zo daga Ingila ba ta da wannan matsala. Sannan in ka ga hoto ba launi kada ka ce ta lalace: tsarin hoton Amurka NTSC ne, namu a Najeriya PAL, kuma ba kowace talabijin ke karɓar duka biyun ba.

Zan iya kunna ta da janareta?

Ban so. In ba makawa, a bar injin ya daidaita tukuna, a kuma zare ta daga bango kafin a juya layi ko a kashe. Sitabilaiza tana gyara wutar da ta yi ƙasa ko sama a hankali, ba ta da saurin tare bugun da ke zuwa farat ɗaya. Inbata mai kyau ta fi mini kwanciyar hankali.

Na kunna BBC Micro, ta yi ƙara, farin hayaƙi mai wari ya cika ɗaki. Ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka, da wuya in ta mutu. A cikin akwatin wutarta akwai wasu kafasitoci na RIFA, na takarda ne a cikin roba mai launin ruwan zuma. Robar takan tsattsage da tsufa, danshi ya shiga, su fashe. Aikinsu tace hayaniyar layin wuta ne kawai, shi ya sa sau da yawa kwamfutar takan ci gaba da aiki hayaƙi na tashi. Kashe ta, a canza su da sababbi masu alamar X2. Haka abin yake a akwatin wutar Apple II da yawa. Amma ka ji ni da kyau: wannan ɓangaren wutar gari yake ɗauka kai tsaye, kuma manyan kafasitocinsa suna riƙe caji bayan an zare waya. In ba ka saba ba, kai wa wanda ya saba.

Akwai wani abu kore-kore kusa da batirin da ke kan allon ciki.

Da wannan ya kamata ka fara. Cire batirin yau, ba gobe ba. Batirin NiCd mai siffar ganga da ke kan Amiga 500 Plus, da wanda ke ɓoye cikin katin ƙarin ƙwaƙwalwa A501 na Amiga 500, da na allunan tsofaffin PC na 386 da 486, yana zubar da ruwa mai cin jan ƙarfe, ya bi layukan allo yana cinyewa ko kwamfutar na kashe. Yanke ƙafafunsa da filaya. Shafa farar binega a wurin da buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bi da sifirit na isopropyl, ka bari ya bushe sarai. Daga nan ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya da mita. Binegar ta NiCd ce kawai; batirin litiyam na tsofaffin Macintosh ruwansa daban ne, amma shi ma cirewa ake yi. Agogo kaɗai batirin Amiga yake riƙewa, za ta tashi ba shi.

An ce mini in canza duk kafasitocin da ke ciki. In canza?

Wannan ce tambayar da ba ta da eh ko a'a, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya ga kowace kwamfuta bai taimake ka ba. Ya danganta da irin injin, da irin kafasitar, da inda ta kwana shekarun nan, da kuma hannunka.

Akwai waɗanda ba na jayayya a kansu. Amiga 600 da 1200, duka na 1992, da Amiga 4000 da CD32, da Macintosh SE/30 da Classic, an sa musu ƙananan kafasitoci masu kama da gwangwani da ake liƙawa a saman allo ba tare da huda ba. Waɗannan suna yoyo ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Alamarsu dalmar kusa da su ta dushe, sauti ya yi ƙasa ko ya ɗauke, in kuma ka kai zafi wurin ka ji ƙarnin kifi. Ko injin na aiki lafiya ƙalau, a canza su, a wanke allon. Jira ba ya ƙara komai sai ɓarna.

Commodore 64 kuwa kafasitocinta masu ƙafa ne da ke ratsa allo, kuma akasari ba su ne ke kayar da ita ba. In ta ba ka baƙin hoto a talabijin, zargi ya fi faɗawa kan aisin PLA ko na ƙwaƙwalwa, ko adafta. Na sha ganin wanda ya zauna ya cire kafasita duka, ya ɗaga layuka biyu da zafin ƙarfe, ya mayar, hoto na nan baƙi; da cuta ɗaya yake nema, yanzu uku. Canjin kafasita ba binciken cuta ba ne. Fara auna wuta a kan allon, ka taɓa bayan aisi ka ji wanda ya yi zafin da ya wuce hankali, in da hali ka sa katirijin gwaji.

Spectrum tana tsakiya. Aisin ƙwaƙwalwarta na 4116 wuta uku yake buƙata a tare: bolt 5, bolt 12, da bolt 5 negetif, kuma wata ƙaramar da'ira ce kusa da tiransista TR4 ke haɗa biyun ƙarshe. In kafasitocin wurin suka gaji, negetif ɗin ta ɓace, aisin na iya tafiya. Don haka ni nakan karkata ga canza su, tunda ba su da yawa kuma ba tsada. Amma ko nan, auna wutocin uku kafin komai. IBM PC ta 1981 da XT kuma nasu na tantalam ne: ba sa yoyo, sukan haɗe wuta ne su hana injin tashi ko su fashe. Wasu masu gyara suna canza duk na layin bolt 12, wasu wanda ya haɗe kawai. Kowanne yana da hujja.

Sai batun zafi, wanda ya shafe mu. Ƙa'idar da masu ƙera kafasita mai ruwa ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta biyu. Injin da ya shekara talatin a sito mai rufin kwano a Sakkwato ko Maraɗi ba ɗaya yake da wanda ya zauna a kabad a Ingila ba. Saboda haka shawarar "bar su in suna aiki" da ta dace da can, a nan sai a ɗan rage mata ƙarfi. Duk da haka mitar ESR, mai auna lafiyar kafasita, ita ce ke raba gardama, ba zato ba.

In ka yanke shawarar canzawa: adadin maikurofarad ya zama daidai da na tsohuwar, bolt ɗin daidai ko sama, kada ƙasa. Saya a wurin da ka amince, domin akwai jabu, akwai kuma sabuwa a ido wadda ta tsufa a kanti. Ɗauki hoton allon kafin ka cire komai, kuma ka duba zanen da'irar, don ba kullum alamar da aka buga a allo ke da gaskiya ba. A Spectrum fitowa ta biyu alamar C46 a juye take. Ɗaya-ɗaya ake yi, ana gwadawa a tsakani. Masu saman allo kuma, wasu na murɗe su da filaya, wasu na hura iska mai zafi. In ruwan ya riga ya ci wurin, kowace hanya na iya ɗaga tagullar, kuma ni ban ba sabon hannu shawarar murɗewa. In ba ka taɓa liƙi da dalma ba, koya a kan mataccen rediyo, ba a kan Amiga ba.

In wanke allon da fetur ko tina?

Kul. Isopropyl kawai. Tina tana narka roba, tana goge rubutu.

Monita mai ƙeya ta daina kawo hoto. In buɗe?

Kada ka buɗe. Mai launi tana aiki da bolt sama da 20,000, kuma kwalbar tana riƙe caji bayan an kashe. Dattawan da suka yi zamanin gyaran talabijin mai ƙeya suna nan a kasuwanninmu, sun san wannan aikin fiye da ni da kai. Kai musu, ka biya su haƙƙinsu ba tare da ciniki mai tsawo ba.

Injin faifai ba ya karantawa.

Kafin ka zargi injin, dubi faifan. Juya shi a hankali cikin rigarsa ta wajen tagar, in ka ga tabo fari-fari ko toka-toka, fumfuna ce, kuma faifai ɗaya irin wannan ya isa ya dame kan karatu har lafiyayyun faifai su ƙi karantuwa. Goge kan da tsinken auduga da isopropyl. Duba bel, ko ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo. Share tsohon maiƙon da ya daskare a kan sandunan da kan ke bi, ka sa sabo ɗan kaɗan. Abin da nake roƙo shi ne kada ka taɓa sukurorin saiti na 1541, injin faifan Commodore 64, ko waninsa. Kowa da ya ji faifai ya ƙi, sai ya ce saiti ne, ya kwance, alhali datti ne. Mayar da saitin sai da faifai na musamman, kuma samunsa wahala ne.

Don amfanin yau da kullum ka huta da faifan gaba ɗaya, ka sa na'urar zamani mai karanta katin memori ko filas a madadinsa: SD2IEC ga Commodore 64, Gotek ga Amiga, DivMMC ga Spectrum. Tsofaffin faifan kuma a kwafe abin da ke cikinsu tun suna karantuwa.

Zan iya cusa katirij ko mahaɗin sandar wasa tana kunne?

A'a. Kashe, cusa, kunna. Bakin bayan Spectrum kai tsaye yake haɗe da Z80, babban aisin da ke tafiyar da injin, ɗan karkacewa ya isa.

Tawa Sakhr ce, mai haruffan Larabci, daga Saudiyya aka kawo ta.

MSX ce, tsarin da ya fito a 1983, kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya sa mata Larabci. Duk abin da na faɗa a sama ya hau kanta. Riƙe ta da kyau, da katirijinta.

Jikinta ya yi rawaya. Yaya zan mayar da ita fara?

Bar ta. Masu shafa haidurojin feroksaid su shanya a rana sukan samu fari, amma rawayar takan dawo, wani lokaci kuma robar ta fito dabbare-dabbare, ba gyara. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa, bayan ka cire allon.

Nawa za a saye ta?

Gyara nake yi, ba dillanci ba. Amma masu zare aisin sauti na SID daga lafiyayyar Commodore 64 su sayar daban, su jefar da gangar, ku daina. Kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994, ba a sake ƙera SID na asali, 6581 ko 8580.

A ina zan ajiye ta?

Ba a sito mai rufin kwano ba, ba a ƙasa ba. Da hunturu a rufe ta da zane saboda ƙura, kuma kafin ka taɓa allon ciki ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, domin busasshiyar iska tana sa jiki ya tara wutar da ke kashe aisi ba ka ji ba. Da damina kada a ƙulle ta cikin leda, danshi zai kwanta a ciki. Faifai kuma a tsaye, nesa da lasifika. A riƙa buɗewa ana duba kyankyaso. Kada ka naɗe wayar a jikinta: robar waya tana cin robar jiki, ta bar sawu mai zurfi da ba ya gogewa. Naɗe kowace waya daban, ka sa ta a jakar takarda.