Waiwaye: Yadda aka soma rigimar sayar da gyare-gyaren da masoya gem ke yi

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gem a Jos, ko a Unguwar Rogo ne ko Gangare ko bakin Titin Bauchi, ya buga ƙwallon da ba kamfani ne kaɗai ya haɗa ta ba. Shekara da shekaru kamfanin Konami, mai wasan ƙwallo na PES, ba shi da lasisin sunayen yawancin kulob-kulob na Ingila, shi ya sa a da Chelsea ke fitowa da sunan London FC, Manchester City kuma Man Blue. Amma a talabijin ɗin gidan gem sai ka ga sunan gaskiya, da rigar gaskiya, da tambari, har da ɗan wasan da aka saya makon jiya. Wasu masoya wasan ne a ƙasashe daban-daban suka zauna suka zana rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, suka saki a intanet kyauta. Irin wannan aiki ake kira mod, 'yan ƙwallo kuma sun fi cewa faci. Abin da ya daɗe yana raba kan ma'abota gem shi ne ko mai wannan aiki yana da ikon cewa a biya shi.

Maganar ta girmi yawancin yaran da ke riƙe da pad a yau. A 1993 kamfanin id Software na Amurka ya fitar da Doom, ya kuma ware hotuna da taswirorin wasan a fayil dabam yadda kowa zai iya sauya su. Nan da nan mutane suka ƙera dubban sababbin filaye suna rarrabawa kyauta. Waɗanda suka fara cin kuɗin abin kuwa 'yan kasuwa ne, da suka kwashe filayen nan daga intanet suka zuba a faifan CD suka kai kanti. Sai kuma ƙungiyar TeamTNT, wadda ta gama wani babban aiki da niyyar sakinsa kyauta, ana dab da saki id Software ya saye shi, ya fito a cikin Final Doom a 1996. Tun a lokacin wasu suka ce 'yan ƙungiyar sun ci amanar jama'a, wasu suka ce guminsu suka ci.

Daga nan kamfanoni suka gane cewa akwai arziki a hannun waɗannan masu aikin sa-kai. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin mod na Half-Life, aikin Minh Le da Jess Cliffe, shekara na zagayowa Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ya saye shi ya ɗauke su aiki. Dota ya tsiro ne a cikin Warcraft III na kamfanin Blizzard, amma Valve ne ya fitar da Dota 2 a 2013, abin da ya yi wa Blizzard ciwo har ya rubuta a sharuɗɗan sabon Warcraft III na 2020 cewa duk wasan da aka ƙera a cikinsa mallakinsa ne. PUBG ɗin da samarinmu ke kwana a kai a waya ma daga gyare-gyaren da Brendan Greene, mutumin Ayilan, ya yi wa wasannin Arma ya samo asali. Sai dai waɗannan 'yan tsiraru ne da sa'a ta gamu da su. Sauran dubbai godiya kawai suke samu, wani lokaci ma zagi, idan aikinsu ya daskarar da kwamfutar wani.

Ranar 23 ga Afrilu, 2015, Valve da Bethesda, kamfanin da ke da wasan Skyrim, suka buɗe kasuwar sayar da mod na wasan a Steam, dandalin sayar da gem na Valve. Valve yana da hujjarsa, domin a farkon shekarar ya sanar cewa ya riga ya biya fiye da dala miliyan 57 ga masu zana huluna da makamai na Team Fortress 2 da Dota 2 da Counter-Strike. Amma rabon da aka yanka a Skyrim shi ya fara tunzura mutane. Wanda ya yi aikin kashi 25 cikin 100, Valve kashi 30, Bethesda kashi 45. Kuma ba za a tura wa mutum ko sisi ba sai rabonsa ya kai dala 100, wato sai ya sayar da kayan dala 400. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai matsalar da ta fi rabon zurfi, wadda a ganina ita ce kamfanonin biyu ba su hango ba. Skyrim ya fito tun 2011, kuma cikin shekarun nan masu gyaransa sun saba jingina da juna: wannan ya ƙera motsin jiki, wancan ya ɗora labari a kai, na uku ya gyara kurakuran duka biyun, babu mai tambayar izini sosai tunda babu kuɗi a tsakani. Kuɗi na shigowa sai kowa ya fara duba kayansa. Tun a ranakun farko aka cire wani mod na kamun kifi daga kasuwar, saboda ya dogara da aikin wani da bai yarda a sayar da nasa ba. Wasu suka janye ayyukansu na kyauta don tsoron kada ɓarawo ya ɗora su a kasuwa da sunansa. Mai saye shi ma ba a ba shi wata kariya ba ban da awa 24 na mayar da kaya, alhali mod yakan lalace ne bayan watanni, ranar da kamfani ya sabunta wasan. Mutum fiye da 130,000 suka sa hannu a takardar koke, Gabe Newell, shugaban Valve, ya fito da kansa yana amsa tambayoyi bai kashe wutar ba. Ranar 27 ga Afrilu aka rufe kasuwar, aka mayar wa kowa kuɗinsa, Valve ya amsa cewa bai fahimci abin da ya shiga ba.

Mutane da yawa sun ɗauka an binne maganar ke nan, amma Bethesda bai haƙura ba. A 2017 ya fito da sabon tsari mai suna Creation Club, inda shi ke zaɓar masu aikin ya biya su kamar 'yan kwangila. A Disambar 2023 ya faɗaɗa tsarin ya koma Creations, inda waɗanda aka tantance ke sa farashi da kansu. A 2024 aka sake kai ruwa rana da ya sa dala 7 a kan ɗan guntun labari guda a wasansa na Starfield. A ɗaya gefen kuma, Nexus Mods, shafin intanet da ake sauke mod, ya fara raba wa masu aiki wani abu daga kuɗin shigarsa a 2018, wasu suka koma karɓar gudummawar wata-wata ta shafin Patreon, kamfanin EA kuma ya ce a 2022 dole gyare-gyaren wasansa The Sims 4 su zama kyauta, sai dai a ɗan jinkirta sakinsu ga waɗanda ba su biya ba.

Masu adawa da farashi suna da gaskiya a abu guda da nake ɗauka da muhimmanci: kyauta ce ta sa yaron da ba shi da kuɗin makarantar koyon kwamfuta ke buɗe aikin wani ya ga yadda aka yi ya koya. Amma ban yarda da masu cewa wanda ya yi don so bai kamata ya nemi lada ba. Wata uku mutum yana zana filin wasa, datarsa da wutar janaretonsa, sannan kamfani ya ci gaba da sayar da tsohon wasa albarkacin aikinsa.

Mu nan ma ai muna biya, ba mu dai lura da wanda muke biya ba. Ka tsaya a shagunan da ake loda gem a wajen Taminus. Yaro zai miƙa filashi ya ce, "Oga, a sa min sabon faci, wanda aka yi tiransifa." Mai shago ya jona, ya kwafa, ya karɓi kuɗinsa. Ba na ganin laifinsa, shi ma ya sayi data, ya biya haya, ya san yadda ake girkawa. Sai dai wanda ya zana rigunan bai san an yi cinikin ba. Idan kuma wani matashi a Jos ya zauna ya saka Plateau United, zakarun gasar Najeriya ta 2017, a cikin wasan da rigarsu da 'yan wasansu, babu inda zai kai aikin ya sayar da shi bisa ƙa'ida, domin wasan na Konami ne, tambarin na kulob ne, kasuwannin da kamfanoni suka buɗe kuma nasu wasannin kaɗai suke karɓa.